Bagobirin da Muka Tsinta a Adjamé

Shekarun baya, lokacin da dandalin nan namu na gajerun saƙonni ya fara zancen kuɗin wata, ni na fi kowa kumfar baki a layinmu na 'yan takalma a kasuwar Adjamé ta Abidjan. Wai duk wanda ya biya za a maƙala masa 'yar alama kusa da sunansa, a bar shi ya yi dogon rubutu, a kuma riƙa tura maganarsa gaba da ta sauran jama'a. Na rantse na sake rantsewa cewa ko dala ɗaya ba za su gani daga aljihuna ba. Surutun ma sai na saya? Ni da nake zuba shi kyauta tun safe har a tashi kasuwa?

Ga waɗanda ba su daɗe da bina ba, ni haifaffen unguwar Biafra ne a Treichville, nan cikin Abidjan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, daga Damagaram ya zo. Mahaifiyata kuwa Bazabarma ce, amma Hausar bakinta ta ninka tawa. Mu da aka haifa a nan Faransanci ne ya fara kama mana harshe, Hausar sai a gida, ita ma rabi da rabi. Abin da ya sa na so dandalin ke nan tun farko. Layi biyu zuwa uku ake yi, kafin Hausata ta ƙare na riga na kai aya. Da haka na riƙa sanar da mutanenmu abin da ake ciki: ruwa ya cinye hanya kaza, gada ta cushe kada kowa ya biyo, an yi rasuwa a gidan wane, gobe suna a gidan wance. Sannu a hankali mabiya suka taru, har na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Ina da wani abokina Bakano mai shigo da kaya ta tashar jirgin ruwa. Shi tun ranar farko ya biya. Hujjarsa ita ce dandalin rumfa ne kamar kowace rumfa, tunda ina biyan kuɗin wurin da nake baza takalma, me zai hana in biya na wurin da nake baza magana. Ni kuma na ce rumfar da mu muka cika ta da kaya, mu muka jawo mata masu saye, ai mu ya kamata a biya. Kusan kullum sai mun yi wannan musu a teburin mai garba, abincin nan na rogo da kifi, mu tashi ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Ana nan, wata rana da hantsi a cikin damina, na ji hayaniya ta ɓangaren da manyan motoci ke sauke albasa. Na je na tarar an yi da'ira ana kallon wani tsoho a ƙasa. Farar riga ce jikinsa ta yi jawur da ƙurar hanya, warin albasa na tashi daga gare ta. Idonsa biyu, amma bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki. Wata mai lemo ta ce ta gan shi da jaka a kafaɗa kafin ya faɗi. Ko da muka duba, babu jaka babu alamarta. Raina ya ɓaci, na zazzagi duk wanda ke tsaye a wurin, har da waɗanda zuwansu ke nan. Daga nan muka ciccibe shi ni da abokina muka sa a tasi, muka tsallaka gada zuwa asibiti a Treichville.

Da aka tambayi waye nasa, na waiga ban ga kowa ba sai ni, na ce ni ne. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, maganar ma ta ɗauke. Ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya, cewa irin wannan ciwo yakan sake bugawa ba sallama, kuma a shekarun tsohon na biyun ba ya barin mutum. In yana da dangi, a nemo su tun yana gane fuska.

To ina za a nemo su? Ba takarda, ba waya, ba baki. Abu biyu kawai muke da su: tsagar Gobirawa a kumatunsa, da ɗan ƙaramin yatsansa na hagu da ya guntule tun da daɗewa. Dattawan Gobirawan Adjamé suka zo suka duba, suka ce namu ne ba shakka, amma ba mu san shi ba, baƙo ne. Direbobin albasa suka ce motocin da suka sauke kaya ranar sun juya, kuma kowace takan ɗauko mutum ɗaya ko biyu a hanya, ba mai tambayar suna. A masallaci aka haɗa abin sayen magani. Ni kuma kullum in na rufe rumfa sai in biya ta asibitin in zauna kusa da shi, ina jero masa sunayen garuruwa ko zai gyaɗa kai. Ƙasar Gobir kuwa ta ratsa Nijar ta ratsa Nijeriya, ni ko rabin garuruwanta ban sani ba. Sai ya yi ta kallona, in ya gaji ya mai da ido bakin ƙofa. Duk wanda ya turo ƙofar nan sai tsohon ya yunƙura, in ya ga ba shi ba ne ya koma ya lafe. Abinci ma ya fara ƙi.

Tun ranar farko na sa sanarwa a dandalin. Na so in haɗa da hotonsa, mahaifiyata ta hana. Ta ce ba a nuna wa duniya dattijo bakinsa a karkace, in ya warke da wane ido zai dube mu. Sanarwar ta samu addu'o'i, Allah ya ba shi lafiya, Allah ya bayyana danginsa, shi ke nan. Abokina ya ce ai ga irinta nan, maganar wanda bai biya ba a ƙofar gidansa take kwana.

Jama'a, na biya. Bayan rumfa na zagaya kamar mai shirin sata, na tura musu kuɗinsu. Na manta cewa alamar fitowa take kowa ya gani. Kafin la'asar duk layin takalma an sani. Wannan ya leƙo ya ce barka da shiga sahun manya, wancan ya ce ina rantsuwar, ko a kawo mini abin kaffara. Na haɗiye. Muka zauna da abokina muka tsara doguwar sanarwa, Hausa a sama Faransanci a ƙasa, ya gyara mini duk inda na karya harshe. Sanarwa ce mai kyau, ni kaina da na karanta sai da idona ya kawo ruwa. Kuma a faɗi gaskiya ta yi nisa fiye da ta farko, don har daga ƙasashen da ban taɓa zato ba aka yi ta aiko da addu'a. Sai dai kowa ya yi addu'arsa ya wuce, tsoho kuwa yana ta ramewa.

Ran nan mahaifiyata ta ce ta gaji da dama kunun da ake dawo mata da shi, za ta je ta ga mai ƙin kununta da idonta. Ashe duk zancen da nake yi a gida ban taɓa ambata mata tsagar ba. Muka shiga ɗakin, ta yi sallama, ta matsa kusa da gadon. Sai na ga ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Au! Ashe duk wahalar nan a kan Bagobiri ake yin ta? Kai, tashi ka gai da uwargijiyarka. Ka zo garin mutane ka miƙe ƙafa, ana ba ka kunu a baki kana yanga. Ragon banza."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce Inna, mara lafiya ne fa. Ko kallona ba ta yi ba. Can sai na ga ƙirjin tsohon yana rawa, wani sauti na fita daga maƙogwaronsa. Na zabura zan kira likita, na ɗauka abin da ake tsoro ne ya zo. Ashe dariya yake. Dariya har da hawaye, da rabin bakin da ya rage masa. Ya ɗaga hannun hagu yana kaɗa mata yatsa, alamar za su gamu.

Na san akwai wasa tsakanin Zabarmawa da Gobirawa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma ba a fushi komai zafin maganar. Amma ni a wurin biki na saba jinsa, ban taɓa zaton ana kai shi bakin gadon asibiti ba. Ranar tsohon ya shanye kunun tas, tana ba shi tana zaginsa.

Da muka fito ta zauna a benci ta ce in karanta mata abin da na rubuta. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu. Ta ce wannan ai ta'aziyya na rubuta tun mutum bai mutu ba, wa zai tashi daga zaune saboda ita. Ta ce in goge hawayena in rubuta abin da za ta faɗa, kada in ƙara kada in rage. Ga abin da ta ce, har yau yana nan a shafina:

"Gobirawa, mun tsinci bawanmu ɗaya a Adjamé. Daga motar albasa ya sauka, ƙaramin yatsansa na hagu guntule ne. Ya ƙarar mana da kunu. In ba ku da halin ɗaukar naku ku faɗa, mu sayar da shi. In ji uwargijiyarku, Bazabarmar Biafra."

Na ce Inna, za a cinye ni ɗanye. Na kira abokina na karanta masa, ya ce kada in kuskura, mutuncin da na daɗe ina tarawa zai zube a yini ɗaya. Mahaifiyata ta ce in ba zan sa ba in ba ta wayar ta nemi mai sa mata. Na dubi ƙofar ɗakin da tsohon yake, na yi bismilla na tura.

Abin da abokina ya faɗa shi ya fara faruwa. Yaranmu haifaffun nan, irina, waɗanda ba su san wasan ba, suka yo kaina da Faransanci. Mara imani, mai cinikin bayi, mai yi wa mara lafiya izgili, ba sunan da ban sha ba. Wasu suka daina bina, wata ma ta ce da ma ta san alamar da na saya ce ta hau mini kai. Jinina ya tafasa, na fara rubuta wa wani amsar da za ta hana shi barci, mahaifiyata ta fizge wayar ta cusa a jakarta. Ta ce ba da su take ba, masu maganar ba su iso ba tukuna.

Zuwa washegari kuwa suka iso. Wani Bagobiri daga Maradi ne ya fara, ya ce tun yaushe baiwa ta samu bakin yi wa iyayen gidanta shela, a gaya mata ta ci gaba da dama kunu, aikinta ne. Zabarmawan Yamai suka ce ba za a taɓa tsohuwarsu suna gani ba. Kafin a ce haka Yarbawa sun shigo, don su ma abokan wasan Gobirawa ne, na Adjamé da na can Nijeriya, suna cewa a sa musu rana su zo taya ciniki. Gobirawa suka ga an sa su tsakiya ta ko'ina. Kuma duk wanda zai rama sai ya ɗauki saƙon ya kai shafinsa, mutanensa su gani su ma su rama. Dattawa suka riƙa yi wa yaran da suka zage ni bayani, wasu har suka dawo suka ba ni haƙuri. Aka ɗauki hoton saƙon aka watsa a zaurukan waya na ƙauyuka, aka karanta shi a teburan masu shayi ga waɗanda ba su da waya.

A nan na gane abin da mahaifiyata ta hango. Roƙo ana iya amsa shi da addu'a a wuce. Wasa kuwa dole a rama, kuma ba Bagobirin da zai yarda a ce an bar nasu a hannun Bazabarma don an rasa mai ɗauka. Cikin raha suka shiga nema na gaske. Na ga mutane suna rubuta cewa sun tambaya a garinsu ba a rasa kowa ba, a tambayi gari na gaba.

Ina cikin ciniki da wata mata a kan takalmin yara saƙo ya shigo daga wani malamin makaranta a wani ƙauye kusa da iyakar Nijar da Nijeriya. Ya ce akwai dattijo a garinsu mai irin wannan yatsa, lauje ne ya cire masa tun yana saurayi. Ya bi motar albasa zuwa Abidjan wurin 'yarsa da ke aure a can. Bai sanar da ita ba don ya san za ta hana shi saboda tsufa, ya ce in ya sauka zai tambaya, ai Bahaushe ba ya ɓata a Adjamé. Mutanen gida sun ɗauka yana wurinta yana hutawa har ya manta da su. Ita kuma ba ta ma san ya taso ba. Shi ya sa ba wanda ya neme shi. Na bar matar da takalmin a hannu, ban san ko ta saya ko ta ajiye ba.

Malamin ya turo kwatancen gidan 'yar. Ashe a unguwar Belleville take, nan cikin Treichville. Daga gidanta zuwa asibitin ko mota ba a hawa, kuma ta bakin ƙofarsa take wucewa in za ta kasuwa.

Ni da mahaifiyata muka je. Muka same ta tana wanke-wanke a tsakar gida da goyo a bayanta. Mahaifiyata ce ta yi maganar, a hankali, ba wasa ko kaɗan a ciki. Matar ta ce ba zai yiwu ba, babanta ko Maradi bai cika zuwa ba. Da aka ambaci yatsan sai kwanon ya suɓuce daga hannunta. Ko mayafi sai maƙwabciya ce ta biyo ta da shi.

Ta tura ƙofar ɗakin, tsohon ya yunƙura kamar yadda ya saba. Wannan karon bai koma ya lafe ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ta kasa ƙarasawa, ta ce, "Baba, kai ne?" Ya miƙo hannun hagun. Ta durƙusa ta kifa kanta a gefen gadon, ya ɗora hannun a kanta, daga nan ya lalubi kan jaririn da ke bayanta, wanda bai taɓa gani ba. Bakinsa na ta motsi, ba abin da ke fita. Mahaifiyata ta ja ni waje, ta ce mu ba su wuri. A bencin nan na ga tana share ido da bakin zane, na yi kamar ban gani ba.

Tsohon bai sake magana sosai ba, amma ya bar asibiti da ransa. A ɗakin 'yarsa ya zauna har damina ta zagayo, jikan ya fara tafiya yana dafa gadonsa. Mahaifiyata takan je duk Juma'a ta zage shi ta dawo. A nan ciwon ya sake bugawa, ya cika a hannun 'yarsa. Muka yi masa sutura, Gobirawa da Zabarmawa da Yarbawa a sahu ɗaya.

Har gobe muna musu da abokina. Shi ya ce ba don na biya ba da saƙon Inna bai fita daga Biafra ba. Ni na ce na biya na yi dogon rubutu ba abin da ya tsinana, layi huɗun tsohuwa ne suka yi aikin. Gaskiyar ita ce ba wanda ya sani a cikinmu. Kuma tunda kuna yawan tambayata, e, har yanzu ina biya, masu dariya su ci gaba. Wurin da zai ɗauki maganar wata tsohuwa daga benci a Treichville ya kai ta ƙauyen da ban taɓa jin sunansa ba ya cancanci a biya masa haya. Amma abin da ya tashi mutane tsaye ba masu dandalin suka ƙera shi ba, ba kuma su da shi balle su sayar mini. Kakanninmu suka bar mana shi, ni kuwa saura kaɗan in ƙi turawa don kunya. Ina alfahari da na tura, ina alfahari da matar da ta haife ni, kuma ba na jin nauyin faɗa.

Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka ragu, 'yar tsohon ta kira ni gefe. Na ɗauka godiya za ta sake yi, na fara cewa ba komai. Ta ce ba shi ba ne. Ta ce tun da aka kawo ta Abidjan take jin haushin babanta a ranta, don kowa nasa na zuwa ganinsa, ita ba wanda ya taɓa takowa. Har ta rage kiran gida saboda haka.

"Da ba ku same ni ba, da an binne shi nan kusa da ni ban sani ba," in ji ta. "Kuma da har in mutu ina cewa bai taɓa zuwa ba."